AIKI DA GODIYA: Godiya ga Allah cikin Alƙur'ani da Littafi Mai Tsarki

Karatunmu: Maimaitawar Shari'a 8:7-18, Luka 17:11-19

  Ga kaka ta yi, an yanke gero, dawa tana kan nuna, ikilisiyoyinmu kuma suna shirin sujadar godiyar kaka. Saboda haka muka ga ya dace a wannan karo mu zauna mu yi tunani a kan kalmar nan "godiya", mu bi sawunta cikin tarihin ƙasarmu, mu kuma duba abin da littattafai biyu suka koyar a kanta, wato Alƙur'ani wanda maƙwabtanmu Musulmi suke karantawa, da Littafi Mai Tsarki wanda yake hannunmu.

Abin da ya jawo wannan magana shi ne tambayar da wani dattijo ya yi mana bayan an tashi daga sujada. Ya ce, "Pasto, gonata da ta maƙwabcina iyaka ɗaya ce ta raba su. Shi Musulmi ne. Ran da muka ɗaure dammuna, ya ce ya gode Allah, ni ma na ce na gode Allah. To, godiyar nan tamu iri ɗaya ce, ko kowa da tasa?" Akwai amsoshi biyu na gaggawa da akan bayar. Wasu sukan ce duk ɗaya ne, a bar zancen. Wasu kuma sukan ce ai su ba su san godiya ba, baki ne kawai. Amsa ta fari ta rage gaskiya. Ta biyu kuwa shaidar zur ce a kan maƙwabci, abin da Allah ya hana a Fitowa 20:16. Dattijon nan ya cancanci amsa da ta fi waɗannan, ku ma haka.

GODIYA A BAKIN BAHAUSHE

Bari mu fara daga gaisuwa. In ka bi hanyar Kano zuwa Daura ka sauka a Kazaure, ko ka ratse zuwa duwatsun Roni, ko Gwiwa wajen iyakar Jihar Katsina, ko Babura kusa da iyakar Nijar, ka tarar da mutum yana huɗa cikin zafin rana ka ce masa "Ina aiki?", zai amsa, "Aiki da godiya." Ka tambaye shi gida, ya ce, "Mun gode Allah." Ka tambaye shi ruwa, ko da daren jiya ruwan ya rushe masa katanga, zai ce, "Ruwa ya yi gyara." Musulmi yana faɗin haka, Kirista yana faɗin haka, Bamaguje ma haka. Harshenmu ya riga ya koya mana cewa mutum ba ya buɗe baki da ƙorafi a gaban Mahaliccinsa.

Kalmomin da muke amfani da su suna da asali dabam dabam. "Godiya" tamu ce ta gida. "Ubangiji" ma tamu ce, ma'anarta uban gida. Amma "hamdala" da "shukura" daga Larabci suka zo, tare da malamai da fatake. Kakanninmu Maguzawa sun san akwai Allah wanda yake bisa kome, sai dai sun ɗauke shi mai nisa ne. Saboda haka in damina ta kusa, ko in an gama girbi, ga iskoki suke yanka kaza ko akuya, a gindin itace ko a kan dutse. Yankan nan haɗe yake da tsoro, gama ana yinsa ne domin kada iskoki su yi fushi su kawo ciwo ko su hana amfani baɗi.

YADDA LITTATTAFAN BIYU SUKA ISO ƘASARMU

Tarihin Kano ya nuna Wangarawa suka kawo Musulunci birnin a zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385. Addinin ya daɗe yana zaune a birane da fadodi, ƙauyuka da yawa kuwa suna kan al'adar kakanni. A 1804 Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya ɗaga tutar jihadi. Cikin shugabannin Fulani na arewacin Kano akwai Ɗan Tunku, wanda ya tsaya wa jihadin tun da fari. Da Ibrahim Dabo ya hau gadon Kano a 1819, Ɗan Tunku ya ƙi yi masa mubaya'a, aka yi shekara biyar ana fafatawa, sai a 1824 Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya raba gardama, ya tabbatar da Kazaure a matsayin masarauta mai cin gashin kanta. Ɗansa Dambo ya gaje shi. Roni da Gwiwa da 'Yankwashi suna cikin masarautar Kazaure, Babura kuwa tana ƙarƙashin Ringim tun da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991. Cikin waɗannan shekaru duka makarantun allo suna ta koya wa yara Alƙur'ani da Larabci, malamai suna fassara wa jama'a da baki lokacin azumi.

Littafi Mai Tsarki ya zo daga baya, a hankali. Wani Bajamushe mai suna Schön, wanda ya shigo kogin Kwara tare da Samuel Ajayi Crowther a 1841, ya duƙufa kan koyon Hausa. Wani yaro Bahaushe daga ƙasar Damagaram, sunansa Dorugu, wanda ya bi matafiyin nan Barth har Ingila, ya taimake shi ƙwarai. A 1857 aka buga Bishara ta hannun Matiyu da Hausa. A 1900 Bishop Tugwell da Likita Miller da abokansu suka iso Kano, Sarki Alu ya sallame su. Miller ya zauna a Zariya daga baya, ya ba da shekarunsa ga aikin fassara tare da waɗansu, har aka buga dukan Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932.

Turawan mulki sun daɗe suna hana 'yan mishan zama a masarautun Musulmi. Ƙofar da ta buɗe ita ce ta jinyar kutare. A ƙarshen shekarun 1930 mishan ɗin SIM ta karɓi aikin kula da kutare a Yadakunya kusa da Kano, da Babbar Ruga a Katsina, da Amanawa a Sakkwato, a 1943 kuma ta buɗe asibitin ido a Kano. A nan ƙasarmu SIM ta kafa tasha a Roni, da makarantar kwana ta yara maza, inda aka koya wa yara karatun boko da Maganar Allah, waɗansunsu suka zama malaman makaranta, da ma'aikatan asibiti, da masu bishara. A 1954 ikilisiyoyin da suka fito daga aikin SIM suka haɗu suka zama ECWA.

Ga wani abin lura. A wajen 1979 zuwa 1980 aka fito da sabuwar fassarar Littafi Mai Tsarki, wadda yawancinmu muka tashi da ita. A daidai wannan lokaci ne kuma fassarar ma'anonin Alƙur'ani ta Shaihu Abubakar Mahmud Gumi ta fito da Hausa. Masu fassarar nan ba su zauna a ɗaki ɗaya ba, amma daga rumbu ɗaya suka ɗebi kalmomi. Dukansu sun ce "Allah", dukansu sun ce "Ubangiji", kuma da Shaihu Gumi ya zo fassara hamdalar da take farkon Fatiha, kalmar "godiya" ya zaɓa. Tun daga lokacin, Bahaushe mai karatun boko yana iya ajiye littattafan biyu a gabansa ya gwada da kansa. Bari mu ma mu gwada.

ABIN DA ALƘUR'ANI YA KOYAR

'Yan'uwa, wanda ya ce Musulunci bai damu da godiya ba, bai bincika ba. Surori biyar na Alƙur'ani da hamdala suka fara: Fatiha, An'am, Kahfi, Saba'i da Faɗir. Musulmi mai tsai da sallolin farilla yana karanta Fatiha sau 17 kowace rana. Sunayen Muhammadu, Ahmadu, Mahmudu da Hamidu duk daga tushen kalmar yabo da godiya suke.

Abu na fari da za mu lura shi ne, a Alƙur'ani kishiyar godiya ita ce kafirci. Asalin kalmar a Larabci shi ne rufewa, kamar yadda manomi yake binne iri cikin ƙasa. Kafiri ke nan shi ne wanda aka yi masa alheri ya tura ƙasa ya rufe, abin da mu muke kira butulu. Suratul Baƙara aya ta 152 ta sa godiya da kafirci suna fuskantar juna, haka ma Suratul Insan aya ta 3. A Suratul A'araf aya ta 17, alwashin da Iblis ya sha shi ne zai ɓad da mutane har a rasa masu godiya a cikin yawancinsu.

Abu na biyu, godiya aiki ce. A Suratu Saba'i aya ta 13 an umarci gidan Dawuda su nuna godiya ta wurin aiki, aka kuma ce masu godiya kaɗan ne cikin bayi. A Suratu Luƙman aya ta 14 an haɗa godiya ga Allah da godiya ga iyaye. A Suratul An'am aya ta 141 an ce a ba da hakkin amfanin gona a ranar girbi. Daga nan malaman Malikiyya, waɗanda littattafansu ake karantawa a zaurukan Kazaure da Babura, suka bayyana zakkar hatsi: kashi ɗaya cikin goma in da ruwan sama aka noma, rabin wannan in da ban ruwa ne, muddin amfanin ya kai nisabi. Shi ya sa kuke ganin manomi yana ware dami ɗaya cikin goma tun a gona. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya ce godiya tana da sassa uku: sanin wanda ya ba ka, da farin cikin zuciya da shi, da yin amfani da kyautar a hanyar da mai bayarwa yake so.

Abu na uku, akwai alkawari da gargaɗi. A Suratu Ibrahim aya ta 7 Allah ya yi shelar cewa mai godiya za a ƙara masa, mai butulci kuwa azaba mai tsanani tana jiransa. Maganar tana cikin jawabin da Musa ya yi wa jama'arsa yana tuna musu da kuɓutarsu daga hannun Fir'auna. Suratu Saba'i ta kawo misalin mutanen Yaman masu gonaki biyu, dama da hagu, waɗanda suka juya baya ga godiya, sai madatsar ruwansu ta ɓalle, gonakin suka lalace, sai itatuwan daji da magarya. Kufan wannan madatsa ta Ma'arib yana nan a Yaman, masana kuma sun ce rushewarta ta ƙarshe a ƙarni na 6 ne bayan haihuwar Almasihu.

Abu na huɗu, cikin sunayen Allah a Musulunci akwai Asshakuru, wato wanda yake yaba ɗan aikin bawa ya ninka masa lada.

ABIN DA LITTAFI MAI TSARKI YA KOYAR

In muka buɗe namu littafi, sai mu ji kamar muryar da muka saba da ita. A Maimaitawar Shari'a sura 8, Musa ne kuma yake magana da mutanen da aka fisshe su daga Masar. Ya faɗa musu za su shiga ƙasa mai rafuffuka da alkama, ya gargaɗe su cewa haɗarin yana zuwa ne bayan sun ci sun ƙoshi, sun gina gidaje, garkunansu sun yaɗu, gama a lokacin ne zuciya takan ce ƙarfina ne ya samo mini wannan. A sura 26 an umarci manomi ya sa nunan fari cikin kwando ya kai gaban Ubangiji, ya ba da tarihin kakansa da bautar Masar kafin ya ajiye kwandon. A Littafin Firistoci sura 19 an hana shi girbe gefen gonarsa ko yin kala, domin rabon matalauci da baƙo ne. A sura 7 an ce naman hadayar godiya a cinye shi a ranar, kada ya kwana. Ku yi tunani, mutum ɗaya ba ya cinye rago a yini, dole ya kira maƙwabta. Allah ya shirya dokar yadda godiya ba za ta yiwu a ɓoye cikin ɗaka ba.

Sunan Yahuza, kabilar da Ubangijinmu ya fito daga cikinta, daga kalmar yabo da godiya yake a Ibrananci, kamar yadda Lai'atu ta raɗa masa a Farawa 29:35. Zabura 136 tana da ayoyi 26, kowace aya kuma ta ƙare da amshi ɗaya a kan madawwamiyar ƙaunar Allah. Wanda ya taɓa jin ana karanta Suratur Rahman, inda tambaya ɗaya a kan ni'imomin Ubangiji take dawowa sau 31, zai ga kamar da take tsakaninsu. Manzo Bulus kuma, da ya zo bayyana asalin faɗuwar 'yan adam a Romawa 1:21, abin da ya ambata shi ne sun san Allah amma ba su girmama shi ba, ba su kuwa gode masa ba. Ashe a littattafan biyu butulci shi ne ƙofar da sauran zunubai suke bi su shigo.

Saboda haka amsar farko ga dattijonmu ita ce: a kan gero da dawa, da ruwan sama, da lafiyar jiki, da 'ya'ya, maƙwabcinka ya san hannun da ya ba shi, littafinsa kuwa ya koya masa kada ya rufe alherin. Kada ka rena hamdalarsa. Sau da yawa ma ya fi mu yawan faɗinta.

INDA HANYA TA RABU

Amma da sauran magana, kuma ba za mu ɓoye ta don neman zaman lafiya na baki ba. A nan ma sai mu yi hankali. Mun sha jin masu wa'azi suna cewa Musulmi da aikinsa kaɗai yake dogara. Malamansu ba haka suka ce ba. Akwai hadisi a Buhari da Muslim mai nuna cewa ba wanda aikinsa zai shigar da shi Aljanna sai da rahamar Allah. Gazali ma ya ce ikon yin godiya wata ni'ima ce da take bukatar godiya. Bambancin yana wani wuri dabam.

A Sabon Alkawari, kalmar Helenanci ta godiya da kalmar alheri daga tushe ɗaya suke. Godiya ita ce amsar da alheri yake haifarwa. Alherin da manzanni suke nufi kuwa mutum ne, sunansa Yesu. A 2 Korantiyawa 9:15, bayan Bulus ya gama surori biyu yana magana a kan tara gudummawa domin matalautan Urushalima, sai ya rufe da gode wa Allah saboda kyautar da baki ba ya iya bayyanawa. A Romawa 5:8 ya ce Almasihu ya mutu dominmu tun muna masu zunubi. A Luka 6:35 Yesu da kansa ya ce Maɗaukaki yana yi wa butulu da mugu alheri. Wato kyauta mafi girma an ba da ita ga butulu tun bai tuba ba, an kuma gama biyanta a kan gicciye. Alƙur'ani a Suratun Nisa'i aya ta 157 ya ce ba a kashe Isa ba, ba a kuwa gicciye shi ba. A nan ne hanya ta rabu, kuma Musulmi mai ilimi zai yarda da mu cewa ta rabu. Abin da yake tsakiyar godiyarmu, shi bai karɓa cewa ya faru ba.

Wannan ya sa in muka zo Jibin Ubangiji, godiya muke yi, har ikilisiyar farko ta kira jibin da sunan godiya. A 1563 masu gyaran ikilisiya a garin Haidalbag na Jamus suka rubuta katakisim, suka kasa shi uku: zunubinmu, cetonmu, da godiyarmu. Dokoki Goma da addu'a duk a kashi na uku suka sa su. Nufinsu shi ne, duk biyayyar da mai bi zai yi, tukwici ne na kyautar da ta riga ta shiga hannunsa. Bahaushe ya ce yaba kyauta tukwici, kowa kuwa ya san tukwici ba kuɗin kaya ba ne.

RAN DA RUMBU YA ZAMA WOFI

Godiyar kaka mai albarka ba ta da wuya. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Ƙasarmu ta ga shekarun da miya ta ƙare. A 1913 damina ta ƙi, shekara guda bayan cinikin gyaɗa ya buɗe a Kano saboda zuwan jirgin ƙasa. Yunwar da ta biyo baya a 1914, wadda tsofaffi suke kira Kakalaba, ta kashe mutane masu ɗimbin yawa, jama'a daga Damagaram suka yi ta kwararowa kudu, hanyoyinsu zuwa Kano kuwa ta ƙasarmu suka bi. Waɗansunmu sun ga farin 1972 zuwa 1974 da idonsu, lokacin da shanu suka yi ta faɗuwa a bakin rijiyoyi. A 1975 cuta ta faɗa wa gyaɗa, dalar gyaɗa ta Kano ba ta sāke komawa yadda take ba. A 2022 kuma ruwa ne ya yi yawa, ambaliya ta cinye gonaki da gidaje a sassa da yawa na Jigawa.

Me littattafan biyu suke ce wa mutum a irin wannan rana? Musulunci ya haɗa godiya da haƙuri kamar tagwaye. Wani hadisi a Muslim ya nuna cewa mumini in alheri ya same shi ya gode, in wahala ta same shi ya yi haƙuri, duka biyu alheri ne gare shi. Kun kuma sha jin maƙwabtanmu a gidan makoki suna hamdala a kan kowane hali. Wannan abin girmamawa ne.

Littafi Mai Tsarki ya ba mu Ayuba, wanda ya sa wa sunan Ubangiji albarka ran da ya rasa dukiya da 'ya'ya. Ya ba mu Habakuk, wanda a ƙarshen littafinsa ya lissafta itacen ɓaure marar toho, da gona marar amfani, da garke wofi, sa'an nan ya ce duk da haka zai yi murna da Allah mai cetonsa. Ya ba mu Daniyel, wanda ya ci gaba da yin godiya sau uku a rana bayan an sa hannu a dokar da za ta kai shi kogon zakoki. A 1 Tasalonikawa 5:18 an umarce mu mu yi godiya cikin kowane hali. Amma tushen wannan duka yana cikin 1 Korantiyawa 11:23-24. A daren da aka ba da shi ne Ubangiji ya ɗauki gurasa ya yi godiya, yana sane da abin da gari zai waye da shi. Allahn da muke gode wa cikin yunwa ya san yunwa a jikinsa, ya yi kwana arba'in a jeji, ya ji ƙishirwa a kan gicciye. Fari yana iya cinye gona, amma ba ya iya kwance abin da aka gama a Kalfari. Saboda haka mai bi yana da abin godiya ko da rumbunsa wofi ne.

INA TARAN?

Bari mu koma ga karatunmu na Luka 17. Kutare goma suka tsaya daga nesa suka roƙi jinƙai. Dukansu suka tsarkaka a hanya. Ɗaya ne kaɗai ya komo ya faɗi a gaban Yesu yana godiya, shi kuwa Basamariye ne, mutumin da Yahudawa suke gani addininsa gurɓatacce ne. Yesu ya tambayi inda sauran taran suke.

Wannan labari namu ne fiye da yadda muke zato. Ikilisiya a ƙasar Kano da Katsina ta bi ta ƙofar kutare ta shigo. Iyaye da kakannin waɗansunmu a zangon kutare suka fara jin bishara, a lokacin da dangi suke gudunsu. Maganin ƙwaya mai warkar da cutar ya fara samuwa a ƙarshen shekarun 1940, a 1981 kuma aka fito da haɗin magunguna da ake ba da shi har ciwon ya rabu da mutum. Waɗansu 'ya'yan Maguzawa ne da ba su da mai koya musu karatu, aka ɗauke su a makarantu irin ta Roni. Yau jikokinsu malamai ne, da likitoci, da ma'aikatan gwamnati. Mu nawa ne muke komowa? Mu nawa ne ma muke jin kunyar a ambaci inda aka tsamo mu?

Ku lura kuma, wanda Yesu ya kafa misali da shi baƙo ne. In maƙwabcinmu Musulmi yana ware daminsa tun a gona, mu kuwa sai an yi ta roƙo a majami'a kafin mu kawo tiya guda, to, Basamariye ya riga mu komowa, sai mu sunkuyar da kai mu koya.

Ga abubuwa huɗu da muke roƙonku ku riƙe a godiyar kaka ta bana. Na ɗaya, kada mu mai da godiya ciniki. Akwai wa'azin da ya yaɗu a zamaninmu mai cewa ka ba Allah ɗari ya mayar maka da dubu. Wanda ya kawo baiko da wannan nufi bashi ya bayar, yana jiran ruwa. Na biyu, kada mu mai da ita gasa. Bafarisiyen nan na Luka 18 da godiya ya buɗe addu'arsa, amma kansa yake yabo. In ana kiran suna ana tafi wa mai buhu goma, gwauruwa mai kwano ɗaya kuwa tana ɓoyewa a baya, mun manta da wadda Ubangiji ya yaba a bakin baitulmali. Na uku, a bar gefen gona. Dattawan ikilisiya da zumuntar mata su ware rabon gwauraye da marayu daga abin da aka tara, kuma kada a tambayi mayunwaci addininsa kafin a auna masa. Na huɗu, mu gode wa mutane. Mu 'yan kaɗan ne a wannan yanki, mun kuma san wahalolin da ke tattare da haka. Amma kowannenmu ya san maƙwabci Musulmi da ya ara masa garma, ko ya zo masa gaisuwar mutuwa, ko ya tsaya masa ran da hankali ya tashi. Ku je ku ce masa kun gode. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

Ga dattijon da ya yi tambaya, amsarmu ke nan. Ran da kuka ɗaure dammuna, kai da maƙwabcinka, ku gode wa Mai ba da ruwa, kada ɗayanku ya rena ɗaya. In kuma wata rana ya ga ka yi hasara amma bakinka bai bar godiya ba, ya tambaye ka dalili, to, ka faɗa masa da tawali'u da ladabi, kamar yadda 1 Bitrus 3:15 ta koya mana. Ka ba shi labarin kyautar da fari ba ya ci.

Bari mu yi addu'a. Ya Ubanmu na sama, mun gode maka saboda ruwan bana da amfanin gona. Mun gode maka saboda waɗanda suka sha wahala suka juya Maganarka zuwa harshenmu. Ka gafarta mana butulcinmu, gama sau da yawa muna cikin taran da ba su komo ba. Ka sa wa maƙwabtanmu albarka, ka ba sarakunanmu da masu mulkinmu hikima, ka ba ƙasarmu salama. Ka tuna da waɗanda gonakinsu ba su yi ba, ka buɗe hannuwanmu gare su. Fiye da kome mun gode maka saboda Ɗanka Yesu Almasihu, wanda a cikin sunansa muke roƙo. Amin.